BABI NA HUƊU: ARMASHIN SHIRME A FINAFINAN DODANNI MASU ARHA NA AMURKA, 1953-1959

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bibiyi tarihin fim ɗin ban tsoro a Amurka tun daga finafinan kamfanin Universal, irin su *Dracula* da *Frankenstein*, waɗanda duka suka fito a shekarar 1931. A wannan babi kuwa za a tarki wani rukuni na daban, wato finafinan dodanni da aka shirya da kuɗi ƙalilan a shekarun 1950. An shirya su ne domin su razana mai kallo, amma abin da suke jawowa a yau shi ne dariya. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: me ya sa fim ɗin da ya kasa cika burin da aka yi shi dominsa ake ci gaba da nemansa bayan shekara saba'in, alhali ɗaruruwan finafinan da suka fi shi kyan aiki an manta da su? Finafinai huɗu aka ɗora nazarin a kansu: *Robot Monster* (1953), da *Bride of the Monster* (1955), da *The Giant Claw* (1957), da kuma *Plan 9 from Outer Space*, wanda aka fara nunawa a 1957 ya kuma shiga kasuwa sosai a 1959.

4.1 Yanayin da ya Haifar da Su

Ba za a fahimci waɗannan finafinai ba sai an san kasuwar da aka yi su dominta. A shekarar 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnati ta kai kamfanin Paramount da sauran manyan kamfanonin Holiwud, hukuncin da ya tilasta musu rabuwa da gidajen silimarsu. Daga nan masu gidajen silima suka sami damar sayen fim daga hannun duk wanda suka ga dama. A daidai wannan lokaci talabijin ta shiga gidaje: a 1950 kimanin kashi 9 cikin 100 na gidajen Amurka ke da ita, zuwa 1960 kuwa ta kai kusan kashi 87. Magidanta suka zauna gida, aka bar silima a hannun samari da 'yan mata. Silimar fili, wadda ake kallo daga cikin mota, ta yawaita har ta haura 4,000 a 1958, kuma kowacce tana bukatar fim biyu a dare ɗaya.

Wannan giɓi ne ƙananan 'yan kasuwa suka cike. Kamfanin da James H. Nicholson da Samuel Z. Arkoff suka kafa a 1954, wanda ya koma American International Pictures a 1956, ya shahara da fara ƙirƙiro sunan fim da zanen tallarsa, sa'annan a nemo wanda zai rubuta labarin. Ke nan dodon da ke jikin fasta ya riga dodon da ke cikin fim zuwa duniya, kuma sau da yawa ya fi shi ban tsoro nesa ba kusa ba.

Jigon kuwa zamani ne ya ba da shi. Bayan Hiroshima da Nagasaki a 1945, da gwajin bam ɗin Tarayyar Sobiyet a 1949, tsoron nukiliya ya zama ruwan dare. *The Beast from 20,000 Fathoms* (1953) da *Them!* (1954), mai ɗauke da tururuwar da gubar nukiliya ta mayar ƙatta, sun yi ciniki ƙwarai. Masu ƙaramin jari suka bi sahu da jigo iri ɗaya, ba tare da kuɗin da zai ɗauki nauyin jigon ba.

4.2 Ma'anar Armashin Shirme

Turawa suna da kalmar da suke kiran irin wannan jin daɗi da ita, wato kamf. Wadda ta fara yi wa kalmar nazari mai zurfi ita ce Susan Sontag, a maƙalarta *Notes on "Camp"* da ta fito a mujallar *Partisan Review* a 1964, mai ɗauke da gajerun bayanai 58. Abin da ya fi shafar wannan bincike a cikinsu shi ne rarrabewar da ta yi tsakanin aikin da ya kwaɓe ba da sanin mai shi ba, da wanda aka kwaɓa da gangan. A ra'ayinta na farkon ne na ainihi, domin mai aikin da gaske yake yi, gaskiyar tasa ce dai ta kasa kai shi gaci.

A wannan kundi an zaɓi a kira abin da suna "armashin shirme". Shirme shi ne aikin da ya kauce wa hankali da tsari, armashi kuwa shi ne abin da ke sa a ji daɗin abu har a so a ƙara. Haɗuwarsu wuri ɗaya tana da sharuɗɗa. Dole ne a ga babban buri, dole ne a ga ƙarancin hali, dole ne kuma mai aikin ya kasance bai ga tazarar da ke tsakanin biyun ba, kamar dai gwano da ba ya jin warin jikinsa. Idan ɗaya ta faɗi armashin ya tafi. Misali, *Gojira* na Ishiro Honda, wanda ya fito a Japan a Nuwamba 1954, shi ma mutum ne, Haruo Nakajima, ya shiga rigar roba ya tattake ƙananan gine-gine. Duk da haka ba ya cikin wannan rukuni, saboda hasken hotonsa da kiɗansa da fitowar asibitin da aka cika da waɗanda suka jikkata sun ɗauki nauyin abin da yake son faɗa, watanni kaɗan bayan gwajin bam na tsibirin Bikini ya shafi masunta 23 na wani jirgin ruwan Japan. Rigar roba kaɗai ba ta mayar da fim shirme.

Ya kamata a yi wata 'yar tsokaci a kan kalmar "dodo" da ake amfani da ita a nan. Dodon tatsuniyar Hausa abin tsoro ne, yana haɗiye mutane da dabbobi, amma kuma wawa ne da ƙaramin yaro ko Gizo ke iya yi wa wayo. Yaran da ke sauraro suna tsoronsa suna kuma yi masa dariya. Bambancin shi ne mai tatsuniya ta san dodonta wawa ne, da gangan ta gina shi a haka. Masu finafinan da ake nazari ba su san nasu wawa ba ne.

4.3 Goggon Biri Mai Hular Ƙarfe: *Robot Monster*

Phil Tucker yana da shekara kusan 25 lokacin da ya shirya wannan fim. An ɗauke shi cikin kwana huɗu, mafi yawansa a bakin wani kogo da ke Bronson Canyon a birnin Los Anjelis, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala 16,000. Sunan fim ɗin ya yi alƙawarin mutum-mutumi mai inji, amma kuɗin ƙera shi babu. Saboda haka Tucker ya nemo George Barrows, wani ɗan wasa da ke da rigar goggon biri tasa ta kansa, aka cire kan birin aka ɗora masa hular ƙarfe mai kama da ta masu nutso a teku, da eriya biyu a samanta. Wannan shi ne Ro-Man, halittar da aka ce ta hallaka dukkan mutanen duniya in ban da mutum takwas.

Idan aka dubi zubi da tsarin labarin za a ga girman burin. Ana maganar ƙarewar jinsin ɗan Adam baki ɗaya. Amma abin da ido ke gani shi ne wani ƙato mai tumbi da gashi yana hawa da sauka a kan tudu cikin rana, yana tafiya kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Na'urar da yake magana da shugabansa da ita an ɗora ta ne a kan teburin katako a bakin kogo, tana fitar da kumfar sabulu irin wadda yara ke hurawa. Injin kumfar nan har sunansa aka sa a jerin sunayen da ke farkon fim. Inda ake bukatar nuna rushewar duniya kuwa sai aka yanko guntaye daga tsofaffin finafinai, ciki har da *One Million B.C.* na 1940, inda ƙadangaru da aka manna wa ƙaya a baya suke kokawa a matsayin dabbobin zamanin da. Babu abin da ya haɗa su da labarin.

A nawa ra'ayi fitowar da ta fi kowacce armashi ita ce wadda Ro-Man ya kamu da son Alice, babbar 'yar iyalin da suka rage. Shugabansa ya umarce shi ya kashe ta, zuciyarsa ta ƙi. Sai ya tsaya yana tufka da warwara shi kaɗai, yana neman ya warware rikicin umarni da soyayya ta hanyar lissafi. Jigo ne babba, wanda manyan marubutan wasan kwaikwayo suka sha juyawa: bawa tsakanin biyayya da son rai. Amma mai faɗar maganar ba shi da fuska, hannuwan biri kawai yake kaɗawa, kumfa tana yawo a gefensa. Mai kallo yana ganin abin da Tucker ke son ya ji, yana kuma ganin abin da ya hana shi ji, duka a lokaci guda. Dariyar daga nan take fitowa.

Akwai abubuwa biyu da masu yi wa fim ɗin dariya kan tsallake. Na farko shi ne kiɗan. Elmer Bernstein ne ya tsara shi, mutumin da daga baya ya yi kiɗan *The Ten Commandments* (1956) da *The Magnificent Seven* (1960). Kiɗan yana da nauyi da tsari, kuma wannan nauyin ne ke ƙara fito da raunin hoton. Da kiɗan ma shirme ne, da tazarar ba ta fito haka ba. Na biyu shi ne cewa a ƙarshe an nuna duk abin mafarki ne na yaro Johnny, wanda ya faɗi ya bugu a kai. Idan aka karɓi wannan, to shirmen ya sami wani uzuri: yaro ne kaɗai zai haɗa biri da hular sararin samaniya da kumfar sabulu. Sai dai mafarkin yana da duhu. A cikinsa dodon ya shaƙe ƙanwar yaron, Carla, har lahira, iyayen suka binne ta da hannunsu. Fim ɗin da aka yi don yara a 1953 yana nuna musu duniyar da ta ƙare da kabarin ƙaramar yarinya. Wannan tsoron zamanin nukiliya ne tsirara, kuma rigar birin ba ta rufe shi duka ba. Mai tarken da ya tsaya ga dariya kaɗai ya karanta rabin fim ɗin ne.

4.4 *The Giant Claw*

Wannan fim misali ne na daban, domin babban kamfani ne, Columbia, ya fitar da shi, Sam Katzman ya shirya, Fred F. Sears ya ba da umarni. 'Yan wasan ƙwararru ne, hoton tsaf, maganganun ba su fi na sauran finafinan zamanin muni ba. Ana ta kwatanta wani tsuntsu daga sararin samaniya da girman jirgin ruwan yaƙi, ana nuna firgici a fuskokin matuƙa jirgin sama. Da tsuntsun ya bayyana sai ga 'yar tsana mai dogon wuya kamar na ungulu, da idanu mulu-mulu, da tukkun gashi a ka, da haƙora a cikin baki, ana jan ta da waya. An ruwaito cewa jarumin fim ɗin, Jeff Morrow, bai ga tsuntsun ba sai ranar da aka nuna fim ɗin a garinsu, kuma da ya ji dariyar jama'a sai ya sulale kafin a kunna fitilu. A nan 'yan wasan suna cikin fim ɗaya, dodon yana cikin wani. Da a ce sun san abin da suke gudu, da sun sassauta, da kuma armashin ya ragu.

4.5 Ed Wood, Bela Lugosi da Haƙƙin Wanda Ake Yi wa Dariya

Babu sunan da ya fi na Edward D. Wood Jr. fitowa idan ana wannan magana. A *Plan 9 from Outer Space* wasu baƙi daga wata duniya suna tayar da matattu domin su hana ɗan Adam ƙera makamin da zai fasa hasken rana ya ƙone komai. Saƙon gargaɗi ne a kan tseren makamai, kuma Wood da zuciya ɗaya yake isar da shi. Amma allunan kaburburan na kwali ne, suna girgiza idan an taɓa su. Jiragen baƙin kayan wasan yara ne da ke lilo a jikin zare. Mota takan taso da rana ta iso maƙabarta da dare, a koma kanta a tarar da rana. Ɗakin matuƙin jirgin sama kujeru biyu ne da labule.

Abin da ya fi shahara shi ne batun Bela Lugosi. Wood ya ɗauki wasu 'yan hotunansa marasa magana kafin ya rasu ranar 16 ga Agusta 1956. Da ya tashi haɗa *Plan 9* sai ya cusa su, sauran fitowar kuma ya sa Tom Mason, mai gyaran ƙashin baya da ke duba matarsa, ya tsaya a madadin mamacin. Mason ya fi Lugosi tsawo kuma ba su yi kama ba, don haka ya yi ta yawo da alkyabba a kan fuskarsa har fim ya ƙare.

A 1980 Harry da Michael Medved suka fitar da littafinsu *The Golden Turkey Awards*, inda aka naɗa *Plan 9* fim mafi muni a tarihi, Wood kuma darakta mafi muni. Wannan hukunci, a tawa fahimta, bai tsaya da ƙafafunsa ba. Fim mafi muni shi ne wanda ba a iya kallonsa har ƙarshe, wanda ke sa barci. *Plan 9* kuwa kusan kowace fitowa tana da abin da zai sa a gyara zama. Kurakuran ma ba irin na kowa ba ne. Suna da tambarin mutum ɗaya, ta yadda wanda ya saba zai gane maganar da Wood ya rubuta ko ba a faɗa masa ba. Idan salo shi ne abin da ke bambanta mai fasaha da waninsa, to Wood yana da salo. Littafin dai ya yi abin da marubutansa ba su nufa ba: ya sa aka koma neman finafinan. Sai dai Wood bai ga wannan ba, domin ya rasu a Disamba 1978 cikin talauci da shaye-shaye.

A nan ne matsalar da wannan babi ba zai iya kauce mata ba take. Wa ake yi wa dariya? A *Bride of the Monster* Lugosi ya fito a matsayin Dokta Vornoff, masanin kimiyyar da ke son ƙirƙiro ƙarfafan mutane da ƙarfin nukiliya. Dodon fim ɗin wata halittar teku ce mai hannuwa takwas, ta roba, wadda ba ta motsi. Duk ɗan wasan da ya faɗa mata shi ne zai kama hannuwan ya naɗe kansa da su yana ihu. Wannan abin dariya ne ba shakka. Amma a tsakiyar fim ɗin akwai fitowar da wani ɗan ƙasarsu ya zo ya roƙi Vornoff ya koma gida, shi kuwa ya amsa da bayanin yadda aka kore shi, aka raba shi da iyalinsa, ya zama ba shi da wurin da zai kira gida. Mai faɗar wannan magana dattijo ne ɗan shekara 72, wanda ya baro Hangari bayan rikicin siyasar 1919, ya yi tashe a 1931, daga baya Holiwud ta yi watsi da shi. A 1955 ɗin nan ne ya kai kansa asibiti a bainar jama'a domin a raba shi da jarabar allurar kashe zafi. Idanunsa a wannan fitowa ba na wasa ba ne. Wanda ya shigo da shirin dariya yakan yi shiru a nan, in dai yana kallo da gaske.

Saboda haka armashin shirme yana da fuska biyu. Akwai dariyar raini, wadda mai kallo ke yi don ya nuna ya fi mai aikin wayo. Akwai kuma dariyar ƙauna, irin wadda ake yi wa ɗan'uwan da ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa bai kuma sauke ba. Sontag ta karkata ga ta biyun, haka ma Tim Burton a fim ɗinsa *Ed Wood* (1994), inda Martin Landau ya ci kyautar Oska saboda fitowa a matsayin Lugosi. Shirin talabijin na *Mystery Science Theater 3000*, wanda Joel Hodgson ya fara a 1988, inda ake nuna irin waɗannan finafinai ana yi musu shaguɓe, yana tsakiya: ya ceto finafinai da dama daga mantuwa, amma ya koya wa mai kallo ya riƙa jin muryar mai ba'a fiye da muryar fim ɗin.

4.6 Shirmen Ganganci

Tun da aka gane akwai kasuwa a wannan dariya, sai wasu suka fara ƙera ta. *Attack of the Killer Tomatoes* (1978) ya kawo tumatir mai cin mutane. *Sharknado*, wanda tashar Syfy ta fara nunawa a 2013 aka kuma yi masa kashi shida zuwa 2018, ya kawo guguwa mai ɗauke da kifayen shak. Waɗannan finafinai suna ƙyafta wa mai kallo ido tun daga sunansu. Sharaɗi na uku da aka kawo a 4.2 ya faɗi ke nan, domin babu tazara tsakanin buri da hali: an nufi shirme, an sami shirme. Mai kallo ba shi da abin da zai gano da kansa, kuma babu wanda ya sa mutuncinsa a kan aikin balle a tausaya masa.

Roger Corman, wanda ya rasu a Mayu 2024 yana da shekara 98, shi ne ke wahalar da wannan rarrabewa. Ya san iyakar kuɗinsa sarai, kuma a *The Little Shop of Horrors* (1960), da aka ɗauki mafi yawansa cikin kwana biyu, da gangan ya nemi dariya ya kuma same ta. Amma wannan barkwanci ne da ya yi nasara, ba ban tsoron da ya faɗi ba, don haka gurbinsa yana babi na biyar. Wanda ya dace da nan shi ne *It Conquered the World* (1956), inda Lee Van Cleef da Peter Graves suke muhawara mai zafi a kan 'yancin ɗan Adam da amfanin motsin zuciya, sa'annan dodon da Paul Blaisdell ya ƙera ya fito daga kogo, gajere mai tsinin kai kamar an kifa mazurari, da hannuwan ƙaguwa. An tsara shi ne ya zauna cikin duhun kogo, aka jawo shi fili tsakar rana domin a sami abin rufe fim.